Yadda Ake Auna Ƙarfin Na'urar Ɗumama Ruwan Kwamin Ninƙaya

Gabatarwa

A farkon watan Satumba na shekarar 2022, wani kamfani mai suna Vert Marine, wanda ke kula da wuraren ninƙaya na jama'a a madadin hukumomin garuruwa a ƙasar Faransa, ya rufe kimanin 30 daga cikinsu baki ɗaya. Dalilin da ya bayar shi ne kuɗin gas da na lantarki sun yi tashin da ba zai iya biya ba, a lokacin da farashin makamashi ya hau a Turai bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Ruwa bai ƙare ba, gine-ginen kuma ba su lalace ba. Ɗumama ruwan ne kawai ya gagara.

A ƙasashe masu sanyi ba a shiga kwamin ninƙaya a yawancin watannin shekara sai an ɗumama ruwansa. A Faransa kaɗai akwai kwamin ninƙaya na gidaje sama da miliyan 3, don haka tambayar "wace na'ura za a saya, kuma mai wane ƙarfi?" tambaya ce ta yau da kullum a can. Idan na'urar ta yi ƙanƙanta, sai ta wuni ta kwana tana cin kuɗi, ruwa kuma bai yi ɗumi ba. Idan ta yi girma fiye da kima, an yi asarar kuɗin saye da na wayoyi da bututu. Wannan takarda za ta bayyana yadda ake yin lissafin, da kuma dalilin da ya sa faɗin saman ruwa ya fi yawan ruwan muhimmanci a cikinsa.

Ma'anar wasu kalmomi

Kwamin ninƙaya shi ne ginannen rami, na siminti ko na roba, da ake cika wa da ruwa domin iyo. Na'urar ɗumama ruwa ita ce wadda jama'a suka fi sani da suna hita. Idan ma'aikata suka ce hita "babba" ce, ba girman jikinta suke nufi ba, ƙarfinta suke nufi, wato yawan zafin da take iya bayarwa cikin awa ɗaya.

Akwai ma'aunai biyu masu kama da juna waɗanda ya kamata mai karatu ya rarrabe tun yanzu. Kilowat ma'aunin ƙarfi ne. Kilowat-awa kuwa ma'aunin yawan makamashin da aka kashe ne, shi ne abin da mitar lantarki ke ƙirgawa. Misalinsu kamar famfo ne da duro: kilowat shi ne ƙarfin zubar famfon, kilowat-awa shi ne ruwan da ya taru a duron. Na'ura mai kilowat 10 da ta yi aiki na awa 3 ta ba da zafi na kilowat-awa 30. Amurkawa suna da nasu ma'aunin da suke kira BTU, kuma shi ne ake gani a jikin na'urorin da suka fito daga can. Kilowat 1 daidai yake da BTU 3,412 a awa. Duk digirin da aka ambata a nan na ma'aunin Salshiyos ne, sai inda aka faɗi wani.

Kafin a fara lissafi sai an tsai da ɗumin da ake so. Hukumar wasannin ruwa ta duniya, wadda a da ake kira FINA kafin ta koma World Aquatics a shekarar 2022, ta ƙayyade digiri 25 zuwa 28 domin gasar ninƙaya. Mai gasa jikinsa na aiki, saboda haka yana son ruwa mai ɗan sanyi. Yara ƙanana da tsofaffi sun fi son wanda ya ɗara haka ɗumi. Wannan zaɓi ba ƙaramin abu ba ne ga aljihu. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce ƙarin digiri ɗaya na ma'aunin Faranhait, wato rabin digiri na Salshiyos da ɗan ɗoriya, yana ƙara kuɗin makamashi da kashi 10 zuwa 30 cikin 100, gwargwadon yanayin wurin.

Lissafi na farko: ɗumama ruwa mai sanyi

Ruwa yana da wuyar ɗumamawa. Ana buƙatar kilowat-awa 1.16 kafin a ɗaga zafin lita 1,000, wato mita kubik ɗaya, da digiri ɗaya tak. Da wannan adadi ake yin lissafi na farko.

A ɗauki misalin kwami mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, girman da ya yawaita a gidajen Faransa. A ce zurfinsa mita 1 ne a wannan gefe, mita 2 a wancan, matsakaicin zurfi ke nan mita 1.5. Faɗin saman ruwan shi ne 8 sau 4, wato murabba'in mita 32. Yawan ruwan kuwa 32 sau 1.5, wato mita kubik 48, ko lita 48,000. Idan ruwan yana digiri 15, ana kuma son ya kai 27, tazarar digiri 12 ce. Sai a ninka 48 da 12, a ninka abin da aka samu da 1.16. Amsar ita ce kilowat-awa kusan 670.

Wannan adadi bai faɗi ƙarfin na'ura ba tukuna, sai an haɗa shi da lokaci. Mai son ruwan ya yi ɗumi cikin awa 24 yana buƙatar kilowat 28. Wanda zai iya jiran kwana biyu, kilowat 14 ya ishe shi. Wanda zai jira kwana uku, kilowat 9 da ɗan wani abu. Zafin da aka zuba a ruwan ɗaya ne a dukkan hanyoyin uku, gaggawa ce kawai ta bambanta su.

Babban kwami na gasar Olamfik yana da tsawon mita 50 da faɗin mita 25. Idan zurfinsa mita 2 ne, yana cin lita miliyan 2.5, kuma kowane digiri ɗaya a cikinsa kilowat-awa kusan 2,900 ne. Shi ya sa masu gina irin waɗannan wurare suke neman zafi duk inda za a same shi da araha. Cibiyar wasannin ruwa da aka gina a Saint-Denis domin gasar Olamfik ta Faris ta 2024 tana samun wani kaso na ɗuminta daga zafin da kwamfutocin wata cibiyar adana bayanai ta kamfanin Equinix ke fitarwa, zafin da a da iska ce ke kwashe shi a banza.

Lissafi na biyu: zafin da ke gudu

Lissafi na farko yana da sauƙi, kuma a nan mutane da yawa suke tsayawa. Matsalarsa ita ce ya ɗauka duk zafin da aka zuba a ruwa zai zauna a ciki, alhali kuwa kwami a buɗe tamkar tulu ne mai yoyo. Ana zuba zafi ta bututu, yana fita ta sama. Kuma gwargwadon yadda ruwan ke ƙara ɗumi, gwargwadon yadda yoyon ke ƙaruwa. Idan aka kai matsayin da zafin da ke fita ya yi daidai da wanda na'ura ke bayarwa, ɗumin ruwan ya tsaya ke nan, ko da na'urar za ta yi wata guda tana aiki. Wannan shi ne abin da ke faruwa ga mai ƙaramar hita: ruwansa ya kai digiri 23 ko 24, ya ƙi gaba.

Ta ina zafin ke fita? Bisa ƙiyasin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, a kwamin da ke fili kimanin kashi 70 cikin 100 na asarar yana tafiya ne ta hanyar ƙafewa, wato ruwa ya zama tururi ya bi iska. Kimanin kashi 20 yana tashi sama kai tsaye, musamman a daren da babu gajimare, kamar yadda rufin kwano ke hucewa bayan faɗuwar rana. Sauran kashi 10 ne ke bi ta ƙasa da bango da sauran hanyoyi. Abin lura shi ne manyan hanyoyin biyu duk a saman ruwa suke.

Ƙafewa ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin girman aikinta yana da ban mamaki. Lita ɗaya ta ruwa ba ta zama tururi sai ta kwashi zafi na kimanin kilowat-awa 0.68, kuma daga ruwan da ta bari a baya take kwasarsa. Wannan zafi ya isa ya ɗaga ɗumin lita 580 da digiri ɗaya. Duk wanda ya sha ruwan randa da rani ya san wannan aiki ko da bai san lissafinsa ba: ruwa na tsattsafowa ta jikin randar, iska na busar da shi, na ciki yana yin sanyi. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa ta Nijeriya, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu domin adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da ya zama alheri ga mai sayar da tumatir shi ne babban abokin gabar mai ɗumama kwami.

A koma ga kwamin misali. A ce ruwansa yana raguwa da milimita 5 a kwana ɗaya, raguwar da ido ba zai ma lura da ita ba. A kan murabba'in mita 32, lita 160 ke nan. Idan aka ninka da 0.68 za a samu kilowat-awa kusan 109, wanda ya isa ya sauke ɗumin dukkan lita 48,000 da digiri 2. Idan aka haɗa da sauran hanyoyin asara, jimillar za ta kai wajen kilowat-awa 155 a kwana ɗaya. Ke nan cikin kwana huɗu da ɗan wani abu, kwamin ya zubar da zafi daidai da wanda aka kashe wajen ɗumama shi tun farko. Ɗumamawar farko sau ɗaya ake yin ta a kakar wanka, asarar kuwa kullum ce.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa faɗi ya fi zurfi tasiri. A kwatanta kwamin misali da wani na yara mai faɗin murabba'in mita 64 da zurfin santimita 75. Ruwansu ɗaya ne, lita 48,000, lissafinsu na farko ma ɗaya ne. Amma na yaran yana zubar da zafi ninki biyu, don haka hitar da ta ishi na farko ba za ta ishe shi ba. Mai sayarwar da ya tambayi yawan lita kawai, bai tambayi tsawo da faɗi ba, bai gama tambaya ba.

Abubuwa uku ne ke hanzarta ƙafewa: ɗumin ruwan, bushewar iska, da kaɗawarta. Kwamin da ke tsakiyar fili ya fi wanda katanga ko shingen itatuwa suka kare asara nesa ba kusa ba. Sai dai kada shingen ya yi tsawon da zai tare rana, domin ruwan kwami yana shanye kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na zafin ranar da ya sauka a kansa, kuma wannan zafi kyauta ne.

Ƙa'idar da ake bi a Amurka

Domin sauƙaƙa wa masu saye, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ba da gajeriyar ƙa'ida. A ɗauki faɗin saman ruwa a murabba'in ƙafa, a ninka da tazarar da ke tsakanin ɗumin da ake so da matsakaicin zafin iska na watan da ya fi sanyi cikin watannin da za a yi wanka, a ma'aunin Faranhait, sannan a ninka da 12. Amsar ita ce BTU a awa. Idan aka mayar da ita ma'aunin mita, sai ta zama wat 68 ga kowane murabba'in mita, ga kowane digiri na tazara. Zurfi bai shiga lissafin ba sam.

Ga kwamin misali, idan matsakaicin zafin iska digiri 15 ne, lissafin shi ne 32 sau 12 sau 68, wato kilowat 26, ko BTU kusan 89,000 a awa. Wannan ya ɗara abin da ake buƙata domin riƙe ɗumi kawai, saboda ƙa'idar ta bar rarar da za ta sa ruwan ya riƙa hawa da wajen rabin digiri a kowace awa. Ta kuma ɗauka iska na kaɗawa a saman ruwan da gudun mil 3.5 a awa, wato kilomita 5.6. Ƙa'ida ce mai kyau ta fara magana da ita, amma ba ta tambayi laimar iska ba, ba ta tambayi ƙarfin rana ba, ba ta kuma tambayi ko ana rufe kwamin da dare ba.

Abin da ke rubuce a jikin na'ura

Bayan an san kilowat nawa ake buƙata, saura a san cewa adadin da ke jikin na'ura ba koyaushe shi ne zafin da zai shiga ruwa ba.

Hitar gas ana rubuta mata ƙarfin wutar da take ci, wani kaso kuma yana bin hayaƙi. A Amurka, tun shekarar 2013 doka ta wajabta cewa aƙalla kashi 82 cikin 100 ya shiga ruwa. Mai buƙatar kilowat 26 a ruwa sai ya nemi mai cin kilowat 32. Tukunyar gas mai kilo 12.5 tana ɗauke da kilowat-awa kimanin 160, saboda haka ɗumamawar farko ta kwamin misali kaɗai za ta cinye tukunya kusan biyar. A wurare masu tudu kuma iska ba ta da kauri, wuta ba ta ci sosai. Ƙa'idar Amurka ita ce idan wuri ya haura ƙafa 2,000 daga teku, a rage kashi 4 cikin 100 na ƙarfin ga kowace ƙafa 1,000. A gari kamar Jos, mai tsayin mita 1,200 ko ƙafa kusan 4,000, ragin ya kai kashi 16. Amfanin gas shi ne sauri: ga wanda ke wanka a ƙarshen mako kawai, babbar hitar gas da za ta ɗumama ruwa ranar Juma'a ta fi ƙarama da za a bari a kunne mako guda.

Hitar lantarki ta gargajiya, irin mai ƙarfen da ke yin zafi, kilowat ɗaya take ci ta ba da ɗaya. Kilowat 26 a layin bolt 230 ya haura amfiya 110, abin da wayoyin gida ba za su ɗauka ba. Ta fi dacewa da ƙaramin baho.

Na'urar zuƙo zafi ita ce ta fi yaɗuwa a gidajen Turai. Aikinta irin na firji ne da aka juya: firji na kwashe zafi daga cikinsa ya zubar a ɗaki, ita kuwa tana kwashe shi daga iskar waje ta zuba a ruwa. Saboda ɗauko zafin take yi, ba ƙirƙirarsa ba, kilowat ɗaya na lantarki yana iya kawo kilowat 3 zuwa 7 na zafi. A nan ne mai saye ya fi buƙatar buɗe ido. Babban adadin da ke jikin kwali an auna shi ne a iska mai ɗumin digiri 27 ko 28 da laima kashi 80 cikin 100, yanayin da kusan ba a buƙatar hita a cikinsa. Masu ƙera ta a Turai sukan ba da adadi na biyu, na iska mai digiri 15, kuma shi ne ya kamata a yi lissafi da shi. Wadda aka rubuta wa kilowat 14 tana iya komawa wajen 10. Idan iska ta sauka ƙasa da digiri 7 zuwa 10, ƙarfinsu yana raguwa sosai.

Farantan ɗumama ruwa da rana, waɗanda ruwan kwamin ke ratsawa ta cikin baƙaƙen bututunsu, ba a auna su da kilowat, da faɗi ake auna su: rabin faɗin saman ruwa zuwa daidai da shi. Ga kwamin misali, murabba'in mita 16 zuwa 32.

Akwai wani abin da ake yawan mantawa. Hita ba ta aiki sai injin da ke zagaya ruwa ta cikin mataci yana aiki. Asarar kilowat-awa 155 idan aka raba ta da awa 24 kilowat 6.5 ce kawai, amma idan injin awa 10 yake yi a rana, dole hitar ta biya bashin duka cikin awa 10, wato kilowat 15.5.

Lokacin hunturu

A Yamai ko Kano, yawancin watannin shekara rana ta wadatar. Da bazara ma ruwan kwami yakan yi ɗumin da ba a so, kamar a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf inda ake juya aikin na'urar zuƙo zafi domin ta sanyaya ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne lamarin ke sauyawa. A Agadas zafin dare a watan Janairu kan sauka zuwa wajen digiri 11 ko 12, laimar iska da rana takan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga iskar arewa maso gabas na kaɗawa. Kwamin otal a irin wannan lokaci babbar randa ce, ruwansa yana iya fin matsakaicin zafin iskar garin sanyi. Busasshiyar iskar kuma tana rage wa na'urar zuƙo zafi ƙarfi, domin wani kaso na zafin da take samu daga laima yake fitowa.

Tunda ƙa'idar Amurka ba ta san da hunturu ba, gara a auna kwamin da kansa. A sa ma'aunin zafi a ruwa da magariba, a sake sa shi da asuba. Idan ruwa mai mita kubik 48 ya sauka da digiri 2 cikin awa 12, asarar ita ce 48 sau 2 sau 1.16, kilowat-awa 111, wato kilowat 9 da ɗan ɗoriya a tsawon daren. Sai a tuna cewa ruwan da aka auna bai kai ɗumin da ake so ba tukuna; idan ya kai digiri 27 asarar za ta ɗara haka, don haka a bar rara.

Marufi

Marufin kwami shimfiɗar leda ce mai kauri, yawanci mai ƙananan kumfan iska a jikinta, da ake ɗorawa a saman ruwa idan an gama wanka. Tana raba ruwa da iska, ƙafewa ta kusan tsayawa. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa marufi yana rage kuɗin ɗumamawa da kashi 50 zuwa 70 cikin 100, ban da ruwa da maganin tsabtace shi da ake tsiminsu, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake sayen ruwa a tanka. Teburan zaɓen na'urar zuƙo zafi da yawa an tsara su ne bisa zaton ana rufe kwamin kowane dare, kuma sau da yawa da ƙananan haruffa ake rubuta wannan sharaɗi a ƙasan shafi. Wanda ya bi teburin bai sayi marufi ba, ya sayi na'urar da ta yi masa kaɗan.

Marufin leda dai ba ya ɗaukar nauyin mutum. Yaro ko dabba na iya faɗawa su shige ƙarƙashinsa ba a gan su ba, saboda haka a yaye shi gaba ɗaya kafin kowa ya shiga ruwa, a kuma kewaye kwamin da shinge mai ƙofar da ke kullewa.